Rajistar rumfar tishin Alƙur'ani, Gadarif, Sudan

Asabar, 21 ga Satumba 2024

Maulidi ya wuce, mun buɗe rumfa. Samari goma sha huɗu ne, ƙaraminsu ɗan shekara 17, babbansu bai kai 30 ba. Babu wanda karatu ne sana'arsa. Akwai masu dako a kasuwar amfanin gona, akwai masu tuƙa raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, biyu suna gidan burodi, sauran suna jiran yankan riɗi. Fiye da rabi baƙi ne a garin: wasu sun iso bayan faɗuwar Wad Madani a yaƙin Sudan, a Disambar 2023, wasu kuma daga wajen Sinja da Maiwurno a wannan daminar. Kowannensu ya taɓa riƙe wani abu na Alƙur'ani a ka, kuma kowa yana jin abin yana zubewa yana kallo.

Ba ƙarin hadda muke nema ba. Nufinmu kafin azumi, wanda zai kama a farkon Maris, kowa ya iya tsayawa ya kawo abin da ya ce yana da shi.

Da gwaji muka fara. Mutum zai faɗi izifi nawa yake riƙe da shi, sai a buɗe wuri uku a kowane izifi ba tare da ya san inda za a buɗe ba, Malam ya ja masa kan aya, shi kuma ya ci gaba rabin shafi. In gyara bai wuce ɗaya ba, izifin tsayayye ne. Gyara biyu zuwa huɗu, mai rawa ne. In ya kasa ci gaba, zubabbe ne. Kusan kowa Sabbi da Amma da Ƙul'uhiya da Tabara sun tsaya masa, saboda su aka sha tun ana kolo, kuma su ake ji a salla. Ɓarnar tana cikin abin da aka haddace a ƙarshe, wato wanda bai sha tilawa ba kafin a tashi daga gida.

Doka ɗaya muka kafa tun yau: a rumfar nan ba a cewa "na manta aya kaza". Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim ya ƙi wannan lafazin, ya ce mantar da mutum aka yi. Akwai kuma wani dalili da muka gani da ido. Saurayin da aka gaya wa izifinsa takwas sun zube, kunya ce take fara korarsa tun kafin wahalar gyara ta zo. Saboda haka sakamakon kowa a kunnensa aka faɗa masa, ba a bainar jama'a ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Lissafi. Izifi 60 ne, kowanne sumuni 8, jimla sumuni 480. A Mus'hafin Madina mai shafi 604, izifi shafi goma ne, sumuni kuwa shafi ɗaya da kwata ko kusa da haka. Mun auna da agogo: wanda haddarsa ta zauna yana gama izifi a minti 20 zuwa 25 ba tare da tsere ba, sumuni kamar minti uku.

A kan wannan muka raba yini gida uku. Kafin asuba, lokacin da mutanen halwa, wato makarantar allo ta nan, suke kira dugshiyya, minti 20 ne na allo, sumuni ɗaya daga cikin masu rawa. Da rana tilawar tsayayyu ce, kuma sharaɗinta duk abin da ya tsaya a zagaye shi cikin kwana bakwai. Mai izifi goma zai ɗauki izifi ɗaya da rabi kullum, wajen minti 35, yana iya yanka shi biyu ko uku. Bayan isha'i, wadda yanzu take shiga wajen shida da rabi, sai a zo rumfa a biya wa Malam allon safe, sannan a yi karɓa-karɓa biyu-biyu. Zubabbun izifi ba a taɓa su tukuna. Daren Alhamis da na Juma'a hutu ne kamar yadda tsangaya ta gada.

Kowa kuma ya rubuta abin da muke kira rabon ranar wuya: mafi ƙanƙantar abin da zai iya kawowa ranar da jiki ya ƙi, ko aka wuni ana lodi, ko wani labari ya iso daga gida. Galibi sun fara cewa izifi ɗaya, Malam ya yi ta ragewa har aka tsaya a sumuni biyu. Wasu sun ji kamar an raina su. Hujjarmu hadisin Nana A'isha ne, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Mai rabon izifi in ya kasa sau biyu, na uku ba ya ma gwadawa. Minti shida kuwa babu ranar da za ta rasa su.

Batun ruwaya ya taso. Waɗanda suka fara wajen malamanmu na gida Warshu suke yi, waɗanda suka zauna a halwar Larabawa Duri, 'yan makarantar gwamnati Hafsu. Kowa ya tsaya a tasa har a gama gyara, kuma ba a haɗa mai Duri da mai Hafsu a karɓa-karɓa. Mai Duri zai karkatar da wasalin "annasi", abokinsa ya gyara masa abin da ba kuskure ba. Mai Warshu zai ce "ƙadaflaha" da ɗauke hamza, mai Hafsu ya tsayar da shi. Mako biyu na irin wannan sun isa su sa mutum shakkar bakinsa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Tawadar farko ta lalace, ga dalilin. Amar, kamar yadda ake kiranta a nan, baƙin tukunya ne da ƙaron dakwara da ruwa. An cika ƙaro, sai rubutu ya fito da sheƙi, ya bushe ya riƙa ɓamɓarewa, wankin allo ma ya zama aiki. In ƙaron ya yi kaɗan kuma, hannun riga kawai ke share layi. Ma'aunin da ya zauna mana: cokalin shayi biyu na dakakken ƙaro a rabin kofin shayi na ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle, sannan a riƙa zuba baƙin tukunya da aka tankaɗe kaɗan-kaɗan ana murzawa da bayan cokali har gudaji su mutu. A gwada a gefen allo: in ya bushe, a goga yatsa. Kada ya shafu, kada kuma ya yi ƙyalli. A ɗebi baƙin daga tukunyar da ake ɗorawa a kan itace, kuma a guji gefen da mai ya zubo, don maiƙo yana hana tawada kama allo. Bayan wanki a shafa farar ƙasa a bar allo ya sha iska sosai, in ba haka ba harafi yana bajewa.

An tambaye mu me ya sa sai allo alhali kowa da Mus'hafi a wayarsa. Amsa ita ce allo yana tona abin da baki yake ɓoyewa. Baki yana iya gudu a kan aya da ƙarfin sabo, ya haɗiye wawi ko fa'i ba wanda ya lura. Hannu ba ya haɗiye komai. Tsarinmu: a rubuta sumunin da ka, Mus'hafi a rufe, sannan a buɗe a yi darasu, duk inda aka kauce a zagaye shi. Waɗannan zagayen su ne aikin gobe, ba dukkan sumunin ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Riɗi ya nuna, mutum shida sun tafi kambo, wato sansanin ma'aikatan gona. Ba a hana su ba kuma bai kamata a hana ba, kuɗin shekara ne ga wasunsu. Riɗi ba ya jira: in ganye ya yi rawaya aka yi jinkirin kwanaki, kwanson yana tsagewa ƙwaya ta zube a ƙasa, shi ya sa ake yanka tun duhun asuba, wani lokaci har da farin wata. A yanka da lauje, a ɗaure dami, a jingina su tsaye su bushe kafin a kakkaɓe.

Tsarinmu ya karye a wurinsu tun mako na farko, kuma laifin tsarin ne. Mun ɗora allo a lokacin da shi ne ainihin lokacin yanka. Wanda ya dage ya tashi ƙarfe uku don ya haɗa biyun, barcin awa huɗu yake samu, kuma su ne haddarsu ta fi rikicewa. Abin da aka koya da rana a cikin barci yake zama a ƙwaƙwalwa, wanda ya yanke barci ya yanke rabin aikin da ya sha wuya a kai. Annabi (SAW) ma ya ce wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya kwanta har barcin ya sake shi.

Gyaran da muka aika musu: a ajiye allo har a dawo. A riƙe tilawar tsayayyu kawai, a bakin aiki, da ka. Yankan riɗi aiki ne mai bugu ɗaya, hannu ya san hanyarsa, baki yana da sarari. Tilawa da ka ba ta bukatar alwala, janaba ce kaɗai take hanawa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya an sauƙaƙa wa mai koyo da mai koyarwa taɓa allo da Mus'hafi ko babu alwala. Da yawa ba su san wannan ba, suna barin karatu wuni guda saboda ruwa ya yi wuya a gona. In aya ta maƙale, kada a tsaya a yi ta kokawa da ita: a ƙulla ƙulli a bakin rawani ko igiyar wando, a tsallaka zuwa sumuni na gaba, a duba a lokacin fatur, wato karin kumallo.

Masu raksha ban da su a wannan. An hana tilawa a kan tuƙi, rai ne a bayansu. Nasu lokacin shi ne zaman jiran fasinja a tasha.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Makon nan ya yi nauyi. Mutane suna ta shigowa daga gabashin Jazira tun ƙarshen Oktoba, makarantu da tashoshi sun cika, kuma uku daga cikin samarinmu suna da dangi a can. Karatu ya ja baya a wurin kowa, har waɗanda ba su da kowa a hanya.

Abin da muka lura da shi yana bukatar a rubuta shi dalla-dalla, domin ba lalaci ba ne, kuma wanda ya ɗauke shi lalaci zai yi ɓarna. Saurayi zai zauna da allo, idonsa a kan layi, minti goma bai wuce aya ɗaya ba. Wani in ƙofar langa-langa ta buga sai ya zabura, ayar ta tashi daga kansa gaba ɗaya. Wani yana tsoron kwanciya saboda mafarki, sai ya yi ta shan jabana, wato gahawa, har dare ya raba, alhali ƙarfin gahawa yana ɗaukar kamar awa biyar kafin ya ragu da rabi a jiki, wanda ya sha bayan isha'i ya sayi rashin barci da kuɗinsa. Zuciyar da ta zauna cikin tsaro ba ta karɓar sabon abu, gadi take yi.

Ga irin waɗannan mun dakatar da allo, mun mayar da su kan surorin da suka fi zama a bakinsu, da murya, a tafe. Mutanen halwa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke tilawar dare da suke kira subu'i suna zagaye tugaba, wutar da ake hurawa don karatu. Mu ba mu da wuta, fitilar sola ce a tsakiyar fili, amma zagayen yana aiki: ƙafa tana tafiya, numfashi yana bin tsayin aya, kafaɗa tana sauka. Shayi da jabana an tsayar da su daga la'asar.

Ɗaya ya tsaya bayan an watse, yana murza bakin allonsa da babban yatsa har farar ƙasar ta goge. Ya ce, "Malam, wani abu yana zuwa mini a zuciya game da Allah, in na faɗa ina jin na fita daga Musulunci." Malam bai nemi ya faɗa ba. Ya tambaye shi, "Ɗana, in ya zo, daɗi kake ji ko ƙunci?" Ya ce ƙunci, har abinci ba ya iya ci. Sai Malam ya karanta masa hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim, inda sahabbai suka kawo irin wannan kuka, cewa suna jin abin da ya fi ƙarfin su furta, Annabi (SAW) ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Ya ƙara masa da ɗayan, cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka saƙa muddin ba a aikata ba, ba a furta ba.

Shawarar da muke bayarwa a nan ita ce kada a yi gardama da waswasi, kada a sake alwala ko kalmar shahada don a kore shi, domin duk abin da aka biya shi da shi gobe zai dawo neman ninki. A nemi tsari sau ɗaya, a koma kan abin da ake yi. Amma tambaya ta gaskiya daban take da waswasi. Wanda ya ga abin da ya gani a hanya, yake tambayar hikimar jarrabawa, wannan a zauna da shi a yi magana, kada a rufe masa baki da tsawa. Akwai kuma iyakar da rumfa ba ta wucewa: wanda ya yi makonni ba barci, ko ya daina cin abinci, ko ya fara maganar gara ya mutu, likita za a kai shi a ranar, kuma wani babba ya raka shi. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Akwatin tara waya bai yi aiki ba. Wanda ke jiran kiran mahaifiyarsa daga hanya, in ka karɓe wayarsa hankalinsa yana cikin akwatin. Yanzu wayoyin suna hannun gardi ɗaya da ke zaune a bakin rumfa, ƙara a buɗe, kira ya shigo ya miƙa wa mai ita. WhatsApp da Facebook sai an tashi. Mun kuma roƙe su kada bidiyon yaƙi ya zama abin ƙarshe da ido zai gani kafin kwanciya, a karanta sumunin gobe sau uku a maimakonsa.

'Yan kambo sun dawo, biyu da zazzaɓi. Ɗaya maleriya ce. Ɗayan ya haura mako biyu yana zafi yana ramewa, mun matsa a gwada shi kala'azar, domin yankin nan gidanta ne.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Da aka koma allo sai ainihin ciwon masu rawa ya bayyana: ayoyi masu kama da juna, abin da alarammomi suke warwarewa da harji. Mutum yana cikin Baƙara sai ya tsinci kansa a A'arafi bai san ya sauya hanya ba. A Baƙara "wadkhulul baba sujjadan wa ƙulu hiɗɗatun" ne, a A'arafi "wa ƙulu hiɗɗatun" ce take gaba. A Ƙasasi "wa ja'a rajulun min aƙsal madinati", a Yasin "wa ja'a min aƙsal madinati rajulun". A cikin Baƙara kanta, aya ta 48 ta gabatar da ceto kafin fansa, ta 123 ta gabatar da fansa, a ƙidayar Mus'hafin Hafsu. Mai Duri kuma a ta farkon "wa la tuƙbalu" zai ce da ta'i, kada abokin karatu ya gyara masa.

Maimaici shi kaɗai ba ya raba su, ƙara cakuɗa su yake yi. Abin da ya raba su shi ne a rubuta biyun a allo ɗaya, ɗaya a saman ɗaya, a ja layi a daidai inda suka rabu, sannan a nemo dalili a ma'ana in akwai. Misalin da ya fi kama samarin nan shi ne na An'ami da Isra'i. A An'ami an ce kada ku kashe 'ya'yanku "min imlaƙ", saboda talaucin da ake ciki, sai aka fara da "narzuƙukum", mu ne muke azurta ku da su. A Isra'i "khashyata imlaƙ" ne, tsoron talaucin da bai zo ba, sai aka fara da "narzuƙuhum", 'ya'yan. Wani mai dako da ya yi wata yana tuntuɓe a nan, tun ranar da aka warware masa bai sake ba. Biyu-biyu muke ɗauka a mako, ba a wuce haka.

Asabar, 14 ga Disamba

Mun cire takardar da muka manna a jikin rumfa mai nuna inda kowa ya kai. Kuskurenmu ne tun farko. Ta sa masu sauri sun fara roƙon a buɗe musu zubabbun izifi tun tilawarsu ba ta zagaya ba, ta sa na baya sun fara fashi. Mutum biyu da aka bari suka ƙara, a mako na uku tsayayyunsu suka fara rawa, domin minti 35 na rana bai ƙaru ba, kayan ne suka ƙaru. Hadisin Abu Musa ya kwatanta Alƙur'ani da raƙumi a dabaibayi wajen saurin kuɓucewa, kuma a aikace wanda aka juya wa baya shi yake fara tafiya.

Ƙa'idar yanzu: ba a buɗe sabon izifi sai an yi zagaye biyu a jere, kwana goma sha huɗu, ba a faɗi ƙasa da rabon ranar wuya ba ko sau ɗaya. Kowa da ɗan katinsa a aljihu, shi da Malam kaɗai suke gani.

Wani ya ce zai daina zuwa saboda yana jin daɗi in an yaba muryarsa, yana tsoron riya. Ba mu yarda ba. An ce ya ci gaba da biyawa a rumfa, ya kuma ware sumuni ɗaya kullum da zai karanta inda babu mai jinsa.

Sanyi ya shigo, asuba ta koma wajen biyar saura. An fara yankan dawa, amma ita tana da haƙuri, ba ta tarwatsa mu kamar riɗi ba.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Gwaji na biyu, da irin ma'aunin farko. Goma sha ɗaya suka zauna: biyu sun bi iyalansu Kasala, ɗaya ya daina zuwa, har yanzu ana bibiyarsa. A cikin waɗanda suka zauna babu wanda tsayayyensa ya ragu. Mafi yawa sun mayar da izifi biyu zuwa uku daga masu rawa zuwa tsayayyu. Da muka jera katunan, waɗanda suka fi gaba ba su ne masu kaifin hadda ba, su ne waɗanda katinsu ba shi da rami, ko da rabin kwanakin sumuni biyu ne kawai a ciki. 'Yan gidan burodi su ne a baya, saboda aikinsu na dare ne, kuma har yanzu ba mu samo musu lokacin allo da bai ci barcinsu ba. Za mu gwada bayan azahar.

Asabar, 18 ga Janairu

Tun da labarin sojoji sun ƙwato Wad Madani ya zo ranar Asabar da ta wuce, huɗu suna maganar komawa su duba gidajensu. Ba mu san ko za su kai azumi a nan ba, don haka mun fara shirya su yadda za su riƙe abin ba tare da rumfa ba. Kowa an rubuta masa a bayan katinsa jerin tsayayyunsa da yadda za su zagaya a kwana bakwai, da masu kama da juna da aka warware masa, da ma'aunin tawada. An haɗa kowanne da abokin ruwayarsa da zai riƙa karɓar masa sumuni biyu ta waya ranar Litinin da Laraba, in layi ya samu. In bai samu ba, ya biya wa duk mahaddacin da ya tarar a masallaci.

Sauran bakwai za su fara tsayuwa da izifinsu a nafila bayan isha'i daga mako mai zuwa, raka'a biyu, sumuni ɗaya a kowace raka'a, mai gyara yana baya da Mus'hafi. Karatu a tsaye gaban mutane yana fito da rawar da zaman rumfa ba ya nunawa, kuma gara ta fito yanzu da sauran mako shida. Ƙaro ya kusa ƙarewa, a sayo rabin kilo kafin Talata.